Agajin Abinci Bayan Tsagaita Wuta: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka sanar da tsagaita wuta a yankin da yaƙi ya ɗaiɗaita, tambayoyi kusan iri ɗaya ne ke fitowa daga bakin masu 'yan uwa a can, da masu son ba da gudummawa, da sababbin ma'aikatan agaji: yaushe abinci zai shiga, wa zai kai shi, kuma me ya sa ake ci gaba da jin labarin yunwa bayan ƙarar bindiga ta ɗauke. An tattara su a nan, an fara da masu sauƙi kafin a gangara zuwa masu zurfi.

Shin tsagaita wuta na nufin yunwa ta ƙare?

A'a. Abin da tsagaita wuta ke kawarwa shi ne babban haɗarin da ke kan hanya, wato luguden wuta da musayar harbi. Ba ta mayar da gonar da ba a shuka ba, ba ta buɗe kasuwar da ta ƙone, ba ta sanya kuɗi a hannun magidancin da ya yi shekara bai karɓi albashi ba, kuma ba ta mayar da naman jikin yaron da ya rame cikin kwana ɗaya. Mutanen da suka daɗe cikin yunwa sukan ci gaba da mutuwa na tsawon makonni bayan an daina faɗa, galibi ta hanyar gudawa da ƙyanda da ciwon huhu, domin jikinsu ya riga ya rasa ƙarfin yaƙar cuta.

Yankin Tigray na Habasha ya nuna tazarar da ke tsakanin sa hannu da isowar taimako. An ƙulla yarjejeniyar Pretoria, wadda ta tsayar da yaƙin yankin, ranar 2 ga Nuwamba, 2022, amma motocin farko na ƙungiyar Red Cross ta duniya ba su isa birnin Mekelle ba sai a tsakiyar watan, kuma sai a Disamba aka fara mayar da lantarki da buɗe wasu rassan banki.

Mene ne bambanci tsakanin tsagaita wuta da ɗan dakatar da faɗa domin jin ƙai?

Dakatarwa domin jin ƙai takan kasance ta sa'o'i ko kwanaki, a wani yanki ƙayyadadde, domin wata buƙata guda, kamar kwashe majinyata ko shigar da ayari ɗaya. Tsagaita wuta ta fi faɗi, kuma yawanci tana ɗaure da tattaunawar siyasa. Ga mai tsara jigilar abinci, tsawon wa'adin ne ya fi komai muhimmanci. Dakatarwar da aka yi a Gaza daga 24 ga Nuwamba, 2023 ta ɗauki kwana bakwai kacal, abin da ya isa a shigar da motoci amma bai isa a gyara hanya ko a kafa rumbun ajiya ba. Ta Yaman kuwa, wadda ta fara ranar 2 ga Afrilu, 2022, an yi ta ne bisa wa'adin wata biyu, aka sabunta ta sau biyu, kuma ta ba jiragen ruwan dakon mai damar shiga tashar Hudaida, wanda ya taɓa rayuwar jama'a fiye da kowane rabon buhuna.

Su wane ne ke ɗaukar nauyin wannan aiki?

Babbar mai jigilar abinci ita ce Hukumar Samar da Abinci ta Duniya, wato WFP, wadda aka kafa a 1961, take da hedkwata a birnin Rum, ta kuma karɓi kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2020. Ita ce ke jagorantar haɗin gwiwar sufuri na dukkan ƙungiyoyin agaji, tana samar da rumbuna da motoci da jiragen sama da sauran ƙungiyoyi ke amfani da su. Ofishin OCHA na Majalisar Ɗinkin Duniya shi ke daidaita aiki da tattaunawa da ɓangarorin da ke faɗa kan samun hanya. Asusun UNICEF ya fi kula da abincin jinyar yara da ruwan sha, hukumar lafiya ta WHO na kula da asibitoci, hukumar FAO kuma na kula da iri da dabbobi. A wajen Majalisar akwai Red Cross da Red Crescent da ɗimbin ƙungiyoyi masu zaman kansu.

Sai dai sunayen da ke jikin motoci ba su ne ke miƙa buhu a hannun mabuƙaci ba. Direbobi da 'yan dako da masu rajista da masu dafa abinci kusan dukkansu 'yan yankin ne, waɗanda su ma yaƙin ya raba da gidajensu, kuma su ne suka fi yawa a cikin ma'aikatan agajin da ake kashewa. A Sudan, tun bayan ɓarkewar yaƙi ranar 15 ga Afrilu, 2023, ƙungiyoyin sa kai na unguwanni ne suka riƙe wuraren dafa abinci na jama'a a inda manyan hukumomi suka kasa shiga. Duk tsarin da aka yi bayan tsagaita wuta ba tare da irin waɗannan mutane ba, zai ɓata makonni yana neman abin da suka riga suka sani.

Barin abinci ya shiga alfarma ce daga masu faɗa ko wajibi ne a kansu?

Wajibi ne. Yarjejeniyar Geneva ta huɗu ta 1949 ta ɗora wa ƙasar da ta mamaye yanki alhakin tabbatar da abinci da magani ga mazauna wurin, da kuma amincewa da shirin agaji idan kayan da ke ƙasa ba su isa ba. Ƙarin yarjejeniyoyin 1977 sun haramta amfani da yunwar farar hula a matsayin dabarar yaƙi, dokar Rum da ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta sanya hakan cikin laifukan yaƙi, sannan Kwamitin Sulhu ya yi tir da shi a ƙuduri mai lamba 2417 na 2018.

Dokar ta ba masu iko da hanya damar bincikar kaya da tsara lokaci da hanyar da za a bi, amma ba ta ba su damar hana agaji ba tare da dalili na gaskiya ba. Shi ya sa akwai abin damuwa a duk lokacin da aka ga an rubuta adadin motocin abinci a cikin yarjejeniya kusa da adadin fursunonin da za a saki. Hakan na sa a ɗauki abincin yara a matsayin abin ciniki, wanda za a iya janyewa idan tattaunawa ta cije, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi rushewar yarjejeniya.

Abinci nawa ake buƙata, kuma yaya ake lissafa shi?

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji suka amince da shi shi ne kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana, idan ba shi da wata hanyar samun abinci. Ana haɗa wannan daga hatsi ko gari, da wake ko danginsa, da man girki da aka ƙara wa sinadarai, da gishiri mai aidin. Idan aka auna shi a bushe, yakan ɗan haura rabin kilo a rana, wato kimanin kilo 16 zuwa 17 a wata.

Daga nan lissafin na da sauƙi. Babbar mota mai ɗaukar tan 20 za ta ciyar da kimanin mutum 1,200 na wata guda, don haka mutum miliyan ɗaya na buƙatar kusan mota 28 a kowace rana ta busasshen abinci kaɗai. Wannan bai haɗa da ruwa ba, wanda mafi ƙarancinsa lita 15 ne ga mutum a rana, bai kuma haɗa da magani da tantuna da sabulu da man fetur ba, sannan bai ɗauki asarar da ake yi a hanya ba. Kalori kaɗai ma ba ya wadatarwa, domin wanda ya yi watanni yana cin gari da mai ba tare da ganye ko ƙwai ko nama ba zai iya cika ciki amma jininsa ya yi ƙasa.

Tunda an sa hannu, me ya sa motoci ke yin kwanaki a layi a kan iyaka?

Domin ƙofar shiga ita ce mafi ƙuncin wuri a duk tafiyar, kuma abin da ke faruwa a can ya fi abin da ake gani a hoto rikitarwa. Kafin mota ta motsa, sai an gabatar da jerin abin da ta ɗauko, an samu amincewa, an biya ko an samu yafiyar kuɗin kwastan, an kuma tantance direba. A bakin mashiga sai a sake bincike, wani lokaci da na'ura, wani lokaci a sauke kayan gaba ɗaya. Idan aka samu abu guda da masu bincike suka ce ana iya amfani da shi wajen yaƙi, kamar janareto ko bututun ƙarfe ko wasu sinadaran tace ruwa, ana iya mayar da motar baki ɗayanta ta koma ƙarshen layi. Matsalar ta fi tsanani idan babu rubutaccen jerin abubuwan da aka haramta, domin abin da ya wuce jiya ana iya hana shi yau.

A wasu wurare motar da ta kawo kaya ba ta tsallakawa. A mashigar Karam Abu Salem ta Gaza, alal misali, ana sauke kaya ne a fili, sai wasu motoci daga ciki su zo su kwashe, wanda ke nufin ana buƙatar izini na biyu, da direbobi na biyu, da mai na biyu, da injin ɗaga kaya a ɓangarorin biyu. Idan mashigar na aiki da rana kawai, tana kuma rufewa a ranakun hutu, to adadin da ke cikin yarjejeniya ba zai cika ba ko da babu wanda ya fito fili ya ce ya hana.

Yawan ƙofofi ma na da tasiri. Ƙudurin Kwamitin Sulhu mai lamba 2165 na 2014 ya ba da izinin shigar da agaji Siriya ta mashigai huɗu, daga baya aka yi ta rage su har ya rage Bab al-Hawa kaɗai. A Sudan kuma, sake buɗe mashigar Adre daga Chadi a watan Agustan 2024 ya rage wa motocin da ke nufar Darfur tafiyar da da sai sun taso tun daga Port Sudan a gaɓar Bahar Maliya, suna ratsa layukan daga na ɓangarorin biyu.

Za a iya dogara da adadin motocin da ake sanarwa kowace rana?

Da taka tsantsan. Yarjejeniyar Gaza da ta fara aiki ranar 19 ga Janairu, 2025 ta tanadi mota 600 a rana, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce fiye da 630 sun shiga a ranar farko, alhali kafin Oktoban 2023 kimanin 500 ne ke shiga a ranar aiki. Adadi irin wannan na da amfani wajen kwatanta mako da mako, amma yana ɓoye abubuwa da dama. Wata motar cike take, wata rabi, wata gari ta ɗauko, wata bargo. Mai iko da iyaka na iya ƙirga motar da ta sauke kaya, hukumar agaji kuma ta ƙirga wadda ta kwashe, sai alƙaluman biyu su saɓa. Abin da ya fi nuna gaskiya shi ne yawan tan ɗin da ya isa hannun iyalai, da farashin gari a kasuwa, da yawan yaran da ake kwantarwa saboda tamowa.

Me ya sa ake yawan maganar man fetur a batun da ya shafi abinci?

Domin babu wani mataki na aikin da ba ya cin mai. Motoci na buƙatarsa, injin niƙa da gidajen burodi na buƙatarsa, haka ma famfunan ruwa da firjin allurar rigakafi da na'urorin sadarwar da ayari ke amfani da su. Sannan akwai makamashin girki, wanda ake yawan mantawa da shi. Buhun wake ba shi da amfani ga iyalin da ba su da iskar gas ko itace ko tukunya, kuma a wuraren da aka daɗe ana yaƙi mutane kan koma ƙona roba da tsummoki, hayaƙin kuma ya ƙara wa yara ciwon ƙirji. Shi ya sa a makonnin farko akan fi dogara da burodi da dafaffen abinci da abin da ake ci ba tare da girki ba, kafin a koma rabon busasshen abinci na wata-wata.

Idan an daina harbi, wane haɗari ya rage a kan hanya?

Na farko shi ne nakiyoyi da bama-baman da suka faɗo ba su fashe ba, waɗanda ke kwance a ƙarƙashin ɓaraguzai da gefen titi da cikin gonaki. Hukumar UNMAS ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyi irin ta kan tura ƙwararru su duba hanya da rumbu da filin rabo kafin a yi amfani da su. Raunuka daga waɗannan abubuwa sukan ƙaru daidai lokacin da aka tsagaita wuta, saboda a lokacin ne mutane ke komawa gida suna tona kango, yara kuma suna ɗaukar abin da ba su san mene ne ba. Na biyu shi ne gadojin da suka karye da titunan da suka cushe.

Na uku shi ne mai bindigar da umarni bai kai gare shi ba, ko ya kai amma bai ɗauka ba. Ƙungiyoyi kan sanar da ɓangarorin da ke faɗa hanyar da za su bi da lokaci da lambobin motoci, amma wannan sanarwa ba garkuwa ba ce. Ma'aikata bakwai na ƙungiyar World Central Kitchen da harin sojin Isra'ila ya kashe a Gaza ranar 1 ga Afrilu, 2024 suna cikin ayarin da aka sanar da tafiyarsa.

Me zai hana a jefo abinci ta sama ko a kawo shi ta ruwa?

Ana yi, amma sai idan duk wata hanya ta toshe. WFP ta daɗe tana jefa abinci a Sudan ta Kudu, inda damina ke yanke hanyoyi na tsawon watanni, ta kuma yi hakan daga sama sosai a birnin Deir ez-Zor na Siriya a 2016 da 2017 lokacin da aka yi masa ƙawanya. Kuɗinsa ya ninka na mota sau da dama, jirgi ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce na mota ɗaya ko biyu, kuma idan babu ma'aikata a ƙasa da za su killace fili su tattara su raba, masu ƙarfi ne ke kwashewa, tsofaffi da mata masu goyo su tashi a tutar babu. A wuri mai cunkoso, kayan da laimarsu ta ƙi buɗewa sun kashe mutane.

Jirgin ruwa shi ne mafi arha wajen ɗauko abinci mai yawa daga nesa, muddin akwai tasha mai injinan sauke kaya. Inda babu, aikin kan zama mai tsada da rauni. Gadar wucin gadi da Amurka ta kafa a gaɓar Gaza a watan Mayun 2024 ta yi ta lalacewa saboda igiyar ruwa, aka kuma rufe ta a Yuli. Idan an tsagaita wuta kuma akwai titin mota da ke aiki, ganin jirage na jefa abinci alama ce ta cewa wani ya ƙi buɗe ƙofa, kamar yadda aka bayyana a amsar layin kan iyaka.

Ina ake ajiye abincin, kuma me ya sa ba a jira sai an sa hannu kafin a saya?

Tsakanin ranar da mai ba da tallafi ya saki kuɗi da ranar da hatsi ya isa bakin iyaka akan ɗauki watanni, domin sai an yi ciniki, an gwada ingancin kaya, an loda jirgin ruwa, an sauke, an zuba a buhuna. Saboda haka ake tara kaya tun da wuri a ƙasashe maƙwabta, kamar yadda ake yi a garin Al-Arish na Masar da Jodan domin Gaza, ko Jibuti domin Habasha da Yaman. Akwai kuma manyan rumbunan gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a Brindisi da Dubai da Accra da Panama da Kuala Lumpur, inda ake ajiye tantunan ajiya da biskit mai ƙara kuzari da sauran kayan farko.

Ajiyar na da nata haɗarin. Gari ba ya jure zafi da laima kamar ƙwayar hatsi, mai na lalacewa, kuɗin tsayuwar mota na ƙaruwa kullum. A Hudaida, tan 51,000 na alkama, wanda zai ciyar da mutum miliyan 3.7 na wata guda, ya maƙale a rumbunan Red Sea Mills tun Satumban 2018 saboda suna kan layin daga. An cimma yarjejeniyar Stockholm, wadda ta tanadi tsagaita wuta a Hudaida, a Disamba, amma sai a Fabrairun 2019 ma'aikata suka samu isa wurin, suka tarar ƙwari sun shiga, sai da aka yi feshi kafin a fara niƙa abin da ya tsira.

Wa ake fara ba, kuma yaya ake sanin inda mutane suke?

A farkon lamari, idan kusan kowa na cikin buƙata, akan raba wa kowane gida a yankin, domin tantancewa na cin lokaci kuma tana haddasa rigima. Bayan nan sai a fara fifita yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da mata masu ciki da masu shayarwa, da tsofaffi, da naƙasassu, da gidajen da suka rasa mai nema musu. Ƙa'idar ita ce buƙata kaɗai, ba ƙabila ko addini ko ɓangaren da mutum ya goya wa baya ba. Hukumomi da yawa sun fi son rubuta katin rabo da sunan mace, saboda an lura abinci ya fi isa ga yara ta hannunta.

Wahalar ita ce tsagaita wuta na tayar da jama'a. A ƙarshen Janairun 2025 dubban ɗaruruwan mutane suka koma arewacin Gaza da ƙafa cikin 'yan kwanaki, wanda ya sa jerin sunayen da aka tara a kudu ya tsufa nan take. Dole wurin rabo ya bi mutane, ya kasance ƙanana da yawa kusa da inda suke kwana. Wurare kaɗan masu nisa na tilasta wa mayunwata doguwar tafiya, suna tara dubbai a ƙofa ɗaya, kuma turmutsutsu da harbi sun fi aukuwa a irin wannan yanayi.

Gaskiya ne ana wawashe abincin agaji ko a karkatar da shi?

Gaskiya ne, kuma ɓoye hakan ba ya taimakon kowa. Sai dai abubuwa uku ne daban. Akwai mayunwatan da ke tare mota su ɗebi buhu domin ba su da tabbacin wata za ta zo. Akwai gungun 'yan bindiga masu sata domin sayarwa, kamar harin da aka kai wa ayarin mota 109 a kudancin Gaza a Nuwamban 2024, inda aka rasa kusan ɗari daga cikinsu. Akwai kuma karkatarwa ta hannun masu iko, wadda ta sa WFP da hukumar agaji ta Amurka suka dakatar da rabon abinci a Habasha a 2023 na tsawon watanni, matakin da talakawan da ba su saci komai ba suka fi ɗanɗana kuɗarsa.

Maganin na uku shi ne rajista mai inganci da sa ido mai zaman kansa da komawa gidaje a tambayi abin da aka samu. Maganin na farko da na biyu kuwa shi ne yalwa. Muddin buhun gari na da tsadar da ta kai a kashe mutum dominsa, za a ci gaba da tare motoci, amma idan abinci na shigowa kullum kamar ruwan famfon da ba ya ɗaukewa, farashi ya faɗi, ɓarawo ya rasa riba, uwa kuma ta yarda ta jira layi. Rage agaji saboda tsoron sata yana ƙara wa abin da aka sata daraja ne kawai.

Yaron da ya rame ƙwarai, a ba shi abinci da yawa kawai?

A'a, kuma wannan na cikin abubuwan da ya kamata kowane iyali ya sani. Jikin da ya daɗe cikin yunwa, idan aka cika shi da abinci farat ɗaya, sinadaran jininsa kan rikice har zuciya ta tsaya, kuma hakan na faruwa ga manya ma. Ma'aikatan lafiya kan auna damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5 da ɗan tef mai launi. Idan kaurin bai kai milimita 115 ba, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, yana cikin tamowa mai tsanani.

Idan yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai nauyi, ana jinyarsa a gida da abincin jinya na musamman da ake yi da gyaɗa da garin madara da mai da sukari da sinadarai, wanda ƙunshi ɗaya ke ɗauke da kalori 500, ba ya buƙatar ruwa ko girki, kuma jinyar kan ɗauki mako shida zuwa takwas. Idan ya daina ci ko yana fama da zazzaɓi ko gudawa mai tsanani, sai an kwantar da shi, a fara da madarar jinya mai sauƙi da ake kira F-75, kaɗan-kaɗan. Ga jarirai, shayarwa ce kariya mafi girma, kuma rabon madarar gwangwani barkatai a inda babu ruwa mai tsabta na jawo mutuwa.

Yaushe ake ayyana cewa wuri ya faɗa bala'in yunwa, kuma sai an ayyana ake kai agaji?

Ana amfani da ma'aunin tsananin yunwa da ake kira IPC, wanda aka ƙirƙiro a Somaliya a 2004, mai matakai biyar, kuma mataki na biyar shi ne bala'in yunwa. Ana ayyana mataki na biyar a yanki idan abubuwa uku suka haɗu: aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidaje na cikin matsanancin rashin abinci, kimanin kashi 30 cikin 100 na yara na fama da tamowa, kuma mutum biyu cikin kowane 10,000 na mutuwa a kowace rana. An ayyana hakan a Somaliya a 2011, da Sudan ta Kudu a 2017, da sansanin Zamzam na Darfur a Agustan 2024, da lardin Gaza a Agustan 2025.

Ba a jiran wannan sanarwa, kuma bai kamata a jira ba. A Somaliya kimanin mutum 260,000 suka mutu, kusan rabinsu kafin a ayyana bala'in a watan Yulin 2011. Haka nan, idan bayan tsagaita wuta aka ce yanki ya sauko daga mataki na biyar zuwa na huɗu, har yanzu yana cikin halin gaggawa inda yara ke mutuwa.

Me ya sa wani lokaci ake ba da kuɗi a maimakon abinci?

Domin babu wata hukumar agaji da za ta iya maye gurbin kasuwa. Yaman, alal misali, na shigo da kusan kashi 90 cikin 100 na abincinta daga waje, kuma 'yan kasuwa ne ke kawo mafi yawansa. Idan an bar motocin kasuwanci su shiga tare da na agaji, kayan lambu da ƙwai da nama sukan dawo, kuɗin da aka ba iyali kuma ya ba su damar sayen abin da suka fi buƙata, ya kuma raya mai shago da ɗan dako. Amma idan kasuwa babu kaya, ko bankuna a rufe suke har sai an biya kaso mai tsoka kafin a samu tsabar kuɗi, tallafin kuɗi zai ƙara farashi ne kawai. Shi ya sa ake bibiyar kasuwa mako-mako kafin a yanke shawarar wanne za a bayar.

Me ke faruwa idan yarjejeniyar ta rushe?

Abin da aka gina cikin makonni yakan zube cikin makonni. A Gaza, Isra'ila ta dakatar da shigar kaya ranar 2 ga Maris, 2025, hare-hare suka dawo ranar 18 ga watan, gidajen burodi 25 da WFP ke tallafawa suka rufe a ƙarshen watan saboda rashin gari da mai, sannan ranar 25 ga Afrilu hukumar ta sanar da cewa ta miƙa ragowar abincinta na ƙarshe ga wuraren dafa abinci, alhali fiye da tan 116,000 na jira a waje. Cikin wata huɗu aka ayyana bala'in yunwar da aka ambata a sama, kuma sai ranar 10 ga Oktoba wata tsagaita wutar ta fara aiki.

Saboda irin wannan, masu tsara jigila kan ɗauki kowace ranar zaman lafiya kamar ita ce ta ƙarshe. Sukan shigar da fiye da abin da ake ci a rana, su rarraba ajiya a ƙananan rumbuna da dama domin kada a rasa komai a hari ɗaya, su kuma ba iyalai rabon da zai ɗan daɗe a hannunsu.

Wanda ke nesa kuma yana son taimakawa, ya aika kaya ko kuɗi?

Kuɗi, ta hannun ƙungiyar da ke da rajista, take da ma'aikata a yankin, take kuma bayyana yadda take kashe abin da ta tara. Kayan da aka tara ba tare da an nema ba sukan cushe tashoshi da rumbuna, su cinye lokacin ma'aikata wajen tantancewa, wasu kuma wa'adinsu ya ƙare kafin su tsallake binciken da aka bayyana a amsar kan iyaka. Gudummawar da ba a ɗaure ta da sharaɗin sai an sayi abu kaza ba ta fi amfani, domin buƙatar wannan makon na iya zama man dizal ko tayar mota.

Yaushe ake daina rabon abinci?

Idan mutane sun koma samun abincinsu da kansu, kuma hakan na bin kalandar noma da farfaɗowar sana'o'i, ba ranar da aka sa hannu ba. Manomi na buƙatar iri da kayan aiki kafin lokacin shuka, da gonar da aka tabbatar babu nakiya a cikinta. Makiyayi na buƙatar rigakafi da abincin dabbobin da suka rage masa, masunci kuma na buƙatar izinin fita ruwa da kwale-kwalen da ke aiki. Idan tsagaita wutar ta zo bayan lokacin shuka ya wuce, yankin zai dogara da agaji har girbin shekara mai zuwa.

A daidai wannan lokaci ne kuɗin masu tallafi ke raguwa, saboda hankalin duniya ya koma wani wuri, sai hukumomi su fara rage rabo zuwa rabi ko su cire wasu gidaje daga jeri. Hanyar da ta fi aminci ita ce a janye sannu a hankali bisa abin da awon yara da farashin kasuwa suka nuna, a mayar da rabon kowa da kowa zuwa ciyarwa a makarantu da tallafin kuɗi ga gidaje mafi rauni, a kuma bar cibiyoyin jinyar tamowa a buɗe har sai an wuce aƙalla lokacin ƙarancin abinci guda ɗaya bayan girbin farko.